Kiran Tsohon Gwani A Ƙasar Sin

Ba a raɗa wa abu suna sai an saba ganinsa. Mu da muka saba taruwa a gonar mutum ɗaya mu nome masa ita cikin wuni guda, mun ce da wannan gayya, kalma ɗaya tak, alhali kuwa baƙon da bai san al'adar ba sai an yi masa dogon bayani kafin ya gane. To, haka Sinawa su ke da wata kalma tasu wadda in za mu faɗe ta da Hausa sai mun jera magana. Kalmar nan ita ce fanpin. Ma'anarta, mutum ya yi aiki har ya kai shekarun hutawa, an sallame shi, ya fara karɓar fensho, sa'an nan a sake aika masa a ce ya komo, don ba a sami kamarsa ba. Ni dai tun da na ji kalmar nan ta zauna mini a zuciya, kuma ina so mu tattauna a kanta, ni da ku, 'yan'uwa, domin a ganina akwai abin lura a cikinta.

Bari mu fara fasa ta mu ga abin da ke ciki. Sinawa ba su rubutu da baƙi da wasali kamar boko ko ajami. Kowace gaɓa tana da tata alama, kuma galibi kowace alama da ma'anarta. Kalmarmu gaɓa biyu ce. Ta fari, watau fan, komowa ke nan, kuma a jikin alamarta akwai wani zane da ke nuna tafiya. Ta biyu, watau pin, ita ce mai nauyi. A gefen hagu na alamarta akwai hoton kunne. A zamanin da, in wani sarki ya tashi manzo da kyautai zuwa ga ɗan'uwansa sarki don gaisuwa da jin lafiya, pin a ke cewa. In sarki ya ji labarin wani masani a ƙauye, ya aika masa da tsaraba yana roƙonsa ya zo fada, shi ma pin ne. Har wa yau kayan da dangin ango su ke kai wa gidan amarya sunansu pinli, takardar da a ke ba wanda aka naɗa wani muƙami kuwa pinshu, sau da yawa cikin jan bango, don ja shi ne launin farin ciki a wurinsu. Suna da wata kalma dabam, gu, wadda a ke amfani da ita in an ɗauki ɗan ƙodago. Ashe ke nan wanda aka yi wa fanpin, yadda a ke zuwa neman aure haka aka je nemansa, da ladabi, da kunne a buɗe don jin abin da zai ce.

Daga bakin ɗan ƙanena na fara jin kalmar, shi kuwa ya yi karatun likita a can. Ya ce a asibitin da aka koya musu aiki akwai wata tsohuwa, likitar yara, ta tasam ma saba'in. Ta riga ta huta, amma asibitin ya komo da ita, tana zuwa safiya uku a mako. Fenshonta na nan ba a taɓa shi ba, ga kuma ladan da a ke ba ta a kan wannan zuwa. Ya ce ranar da ta ke nan tun da asuba iyaye ke layi a ƙofarta, waɗansu ma ita ta duba su sa'ad da su ke jarirai, yau ga su sun kawo nasu. Na ce masa, "Kai kuwa me ka ƙaru da shi a wurinta wanda babu a littafi?" Ya ce, "Baba, ita tun yaro bai shigo ɗaki ba, daga jin tarinsa a waje ta kan gaya mana inda za mu sa kunne." Na ce lalle da tsohuwar zuma a ke magani.

Mai karatu zai tambaya, in dai ana bukatar mutum haka, don me aka sallame shi da fari? Amsar tana cikin tarihin ƙasar. Tun cikin shekarun 1950 gwamnatin Sin ta yanka shekarun barin aiki: namiji 60, mace mai aikin ofis ko na ilmi 55, mace mai aikin hannu a masana'anta 50. A lokacin nan ba wanda ya ga ƙanƙantar wannan, gama a 1949, in an kwatanta masu mutuwa da ƙuruciya da masu daɗewa, tsawon ran Basine bai wuce kamar shekara 35 ba. Amma abinci ya wadata, magani ya samu, har a 2024 lissafin nan ya kai shekara 79. Doka kuwa ta tsaya inda ta ke wajen shekara saba'in. Sai ya zama mace ta ƙare ƙuruciyarta tana koyon aikin likita, daidai lokacin da hannunta ya nuna, sai a ce ta tafi gida, ga ƙarfi ga lafiya, ga kuma shekara ashirin ko fiye a gabanta in da nisan kwana.

Akwai kuma wani dalili. Daga 1966 zuwa 1976 ƙasar ta shiga hargitsin da suka kira Juyin Al'adu. Aka rufe manyan makarantu na ɗan lokaci, aka tura malamai da masana ƙauye noma, jarrabawar shiga jami'a kuwa ba a sake yinta ba sai a 1977. Sabo da haka aka sami giɓi na shekara goma, ba a yaye isassun likitoci da injiniyoyi da malamai ba. Da ƙura ta lafa, shugabansu Deng Shiyawping ya yi jawabi a 1980 ya soki al'adar manya su zauna kan muƙami har mutuwa, a 1982 kuwa aka kafa musu tsarin murabus. Tsofaffi suka fara fita da yawa, amma waɗanda ya kamata su gaje su ba su sami koyo ba. Ana nan sai a 1986 gwamnati ta fitar da ƙa'ida wadda ta yarda a riƙa ɗaukar masana da suka huta, a biya su lada, fenshonsu kuma na tafiya. A shekarun nan ne ƙauyukan da ke kewaye da Sujo da Wushi suka tashi kafa ƙananan masana'antu, ba su kuwa da gwanaye. Sai su tafi birnin Shangai su lallashi tsofaffin maƙera da masu gyaran inji da suka huta, su kawo su. Waɗansu injiniyoyi ma da ba su huta ba su kan zo ranar hutun mako, har aka yi musu laƙabi da injiniyoyin Lahadi. Manoman da ba su taɓa riƙe sufana ba, a hannun tsofaffin nan suka koyi sana'a.

Yau kuma wani sabon dalili ya ƙaru a kan na da. Daga 1980 zuwa 2015 gwamnati ta tsare yawancin iyalai a kan haihuwar ɗa ɗaya. An sassauta zuwa biyu a 2016, zuwa uku a 2021, amma mutane ba su koma haihuwa kamar da ba. A 2022 yawan Sinawa ya ragu, abin da ba a gani ba tun 1961. A ƙarshen 2024 waɗanda suka kai shekara 60 ko suka wuce sun kai miliyan 310, watau kashi 22 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Tsofaffin Sin kaɗai sun fi dukan mutanen Nijeriya yawa. Ganin haka, a watan Satumba na 2024 majalisar ƙasar ta yarda a ɗaga shekarun barin aiki, aka fara ran 1 ga Janairu 2025. Ba a yi shi gaba ɗaya ba, a hankali za a bi cikin shekara 15, ana ƙara wa maza wata ɗaya bayan kowane wata huɗu, har su kai 63, mata masu 55 su kai 58, masu 50 su kai 55.

Gwamnati da kanta ta shiga neman tsofaffi. A 2018 ma'aikatar ilmi da ta kuɗi suka fito da wani shiri na ɗaukar malaman makaranta 10,000 da suka huta cikin shekara uku, a tura su makarantun ƙauye inda babu ƙwararru, a ba kowane yuwan 20,000 a shekara, yuwan kuwa shi ne kuɗin ƙasar. A 2023 aka faɗaɗa shirin, aka ce ana so adadin ya kai kamar 120,000. Sun kira waɗannan malamai masu shekarun azurfa, don furfurar da ke kansu. In kuwa ka tambayi ɗaya daga cikinsu don me bai zauna gida ya huta ba, akwai amsar da su kan bayar, fahui yure, watau ba da sauran zafi. Wannan magana ta gamshe ni ƙwarai. Kowace mace ta san in an sauke tukunya, harshen wuta ya mutu, ba a nan amfanin murhu ya ƙare ba. A cikin rushin nan a ke gasa dankali da rogo, su nuna har ciki ba su ƙone ba, abin da wuta mai ci ba ta iyawa.

Sinawa suna da tsofaffin labaru biyu da su kan tuna in ana zancen nan. Na fari, a ƙarni na bakwai kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin ƙasar Ci ya fita yaƙi da bazara, bai juyo ba sai da hunturu, rundunarsa ta ɓace hanya. Wazirinsa, Guwan Jong, ya ba da shawara a saki tsofaffin dawaki a bi bayansu. Aka sake su, suka kama hanya, jama'a na biye har gida. Da na ji wannan na yi dariya, don mu ma kakanninmu sun ce tsohon doki mai sani.

Na biyu ba shi da daɗin ƙarshe. A ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa an yi wani barde a ƙasar Jawo, sunansa Liyan Po, wanda ya daɗe yana tsare ƙasarsa daga maƙwabta. Da sabon sarki ya hau aka tuɓe shi, ya yi ƙaura zuwa ƙasar Wei. Bayan an jima mayaƙan ƙasar Cin suka matsa wa Jawo, sarki ya tuna da tsoho, ya tashi manzo ya je ya gano ko da sauran ƙarfinsa. Amma wani bafade mai suna Guwo Kai, maƙiyin barden, ya bi ta bayan fage ya cika hannun manzo da zinariya. Da manzo ya isa, tsoho ya sa aka kawo abinci, ya cinye mudun shinkafa da nama mai yawa a gabansa, ya sa sulke, ya haye doki, don a ga har yanzu da shi. Manzo ya komo ya gaya wa sarki cewa cin abinci kam tsoho na nan da shi, sai dai ɗan zaman da suka yi sau uku yana tashi zagayawa. Sarki ya ce ashe ya tsufa, bai kira shi ba. Liyan Po ya mutu a baƙuwar ƙasa yana begen mayaƙansa, ba a kuwa daɗe ba Cin ta ci babban birnin Jawo. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

To, kada mu tsaya ga yabo kaɗai, gama al'adar nan tana da nata ƙaiƙayi. Na ɗaya, shekaru da yawa doka ba ta ɗauki wanda aka komo da shi a matsayin cikakken ma'aikaci ba. A 2010 kotun ƙolin ƙasar ta yi bayani cewa wanda ya riga ya fara cin fensho, in ya sami saɓani da mai aikinsa, sai a duba shari'ar kamar ta mutum biyu da suka yi jinga. Sabo da haka ana iya sallamarsa ba diyya, in kuwa ya ji rauni a bakin aiki sai an yi ta ja-in-ja a kan wanda zai biya magani. Ga girma a jar takarda, amma ba garkuwa. Dokar 2024 ta zo ta ce dole mai aiki ya tsare wa irin waɗannan ladansu, da hutunsu, da lafiyarsu a wurin aiki, da haƙƙinsu in sun ji ciwo, a 2025 kuma kotun ta janye wancan bayani nata.

Na biyu, kalmar nan ba ta kowa ba ce. Likita da injiniya da malami da akawun kuɗi su a ke yi wa fanpin. Tsohon ma'aikaci a birni ya kan sami fensho fiye da yuwan 3,000 a wata, tsohon manomi kuwa abin da ya ke samu, in an kwatanta, ɗari biyu da 'yan kai ne. Shi manomi bai taɓa hutawa ba balle a ce ya komo. Miliyoyinsu sun bar ƙauye sun gina biranen nan da hannunsu, amma a 2019 birnin Shangai ya hana maza da suka wuce 60 da mata da suka wuce 50 yin aikin gini, don gudun haɗari, waɗansu garuruwa kuma suka bi sahu. Sai ka ga mutum biyu sa'o'in juna, ɗaya ana kai masa takardar roƙo har gida, ɗaya ana tare shi a bakin ƙofa, alhali na biyun ya fi bukatar aikin.

Na uku shi ne kukan samari. A watan Yuni na 2023, cikin 'yan shekara 16 zuwa 24 masu neman aiki a birane, kashi 21.3 cikin 100 ba su samu ba. A 2025 waɗanda suka fito daga manyan makarantu sun wuce miliyan 12. Saurayi mai takarda a hannu, in ya ga an komo da wanda ya riga ya ci rabonsa, ba mamaki ya ce yaushe layi zai zo kansa. Ba zan ce da shi ya yi rashin kunya ba.

Wannan kukan na uku ni ma ya taɓa hana ni barci. Na yi shekara 35 ina koyar da lissafi, na huta, na koma ga 'yar gonata da jikokina. Bayan shekara biyu sai ga shugaban makarantar da kansa, wanda da almajirina ne, ya durƙusa ya ce, "Malam, tun da ka tafi yara ke faɗuwa jarrabawa, ka taimake mu ka komo." Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, don babu tsohon da ba ya so a ce ana bukatarsa. Amma na san a unguwarmu kaɗai akwai samari uku da suka gama karatun malanta suna zaune. In na karɓi alli, na tare wa ɗayansu wuri. In na ƙi, yara sun cutu. Na roƙe shi ya ba ni mako guda in yi shawara.

Cikin makon nan na sake zama da ɗan ƙanen nan nawa, na tambaye shi yadda tsohuwar likitar nan ta ke yi da na bayanta. Ya ce ai ba ta taɓa zama ita kaɗai a ɗakin duba yara ba, kullum da ƙananan likitoci biyu ko uku a gefenta. Su za su fara dubawa su faɗi abin da suka gani, sa'an nan ta gyara musu. Ba ta riƙe shugabancin sashe ba, wata ce da ta koyar ke riƙe da shi, in an zo taro kuwa a baya ta ke zama. Ya ce suna da wata magana mai gaɓa uku a kan haka, cuwan bang dai, watau ka miƙa abin da ka sani, ka taimaka, ka ja na baya a hannu.

Da mako ya cika na tafi wurin shugaban na ce, "Na yarda, amma da sharaɗi biyu. A ɗauki ɗaya daga cikin samarin nan, ajin ya zama nasa, ni in zauna a baya. Bayan shekara biyu kuma ku sallame ni, ko da ni na ce ban gaji ba." Ya sha wahala kafin a yarda masa da albashin yaron, amma an yarda. Watannin fari bakina ya yi ta ƙaiƙayi, sai in ga yaron ya ɗauko doguwar hanya alhali ga gajeriya, in danne zuciyata har a tashi, sa'an nan mu zauna gindin dalbejiya mu bi darasin daki-daki. Shi kuma ya koya mini yadda a ke shirya jarrabawa da kwamfuta, abin da ban taɓa yi ba. Da shekara biyu ta cika na tattara littattafaina na ba shi. Yau shi ke koyar da waɗansu.

Abin da na fahimta ke nan daga kalmar Sinawa. In aka kira tsoho ya komo, alama ce akwai wani sani da ya fita tare da shi ranar da aka sallame shi, ba a kuwa karɓa ba. Komowar nan dama ce ta biyu, kuma ita ce ta ƙarshe, gama daga wannan sai tafiyar da ba a aika wa mutum takarda. In ya komo ya rungume aikin shi kaɗai, ranar da ya faɗi za a koma gidan jiya, ga kuma samari an tsare su a banza. In kuwa ya komo ya bar magaji, to, kuɗin da aka biya shi bai kai rabin abin da ya bayar ba. Da wannan mudu ni ke auna kowane fanpin, a Sin ko a wani wuri. Masu kira kuma akwai nasu nauyi, su tafi da girmamawar da ke cikin kalmar, su tsare haƙƙin wanda suka kira, kada kuma su ba irin su Guwo Kai kunne.

Ku kuwa 'yan'uwa da kuka shiga aji da gemu da furfura, har ga shi yau kuna karanta labarin ƙasar Sin da idonku, kun riga kun tabbatar gemu ba ya hana ilmi. Saura ku yi amfani da alƙalamin da kuka samu. A kowane gari akwai tsohon maƙeri, da tsohuwar ungozoma, da manomin da ya san halin kowace fadama, waɗanda ba wata hukuma da za ta aika musu da jar takarda. Ku je ku same su da goro a hannu, ku zauna, ku buɗe kunne, ku rubuta abin da suka gaya muku, ku tafi da yaro ɗaya ya ji. In kuwa kai ne tsohon, kada ka jira sai an zo. Duba cikin yaran gidanku ka zaɓi mai natsuwa, ka zaunar da shi kusa da kai tun da sauran zafi a murhu. Allah ya sa mu gama lafiya, ya ba mu magada na gari, amin.